Tabki biyu: ina daɗin kallo yake zama a waƙoƙin Lamartine da Wordsworth?

An saba koya wa ƴan lise cewa mawaƙan romantisim duka sun sami farin ciki mai ɗorewa cikin kallon halitta. Mu muna ganin wannan magana ta yi jimla da yawa, kuma waƙoƙi biyu sun isa su nuna haka.

Lamartine ya sadu da Julie Charles a Aix-les-Bains, kusa da tabkin Bourget, a 1816. Da ya komo a 1817, ciwo ya hana ta zuwa, ta rasu cikin watan Disamba na wannan shekara. Waƙar «Le Lac», wadda ta fito a 1820, a wannan jira aka haife ta. In mun duba da kyau, mawaƙin bai tsaya yabon kyan ruwa ba. Roƙon tabki yake yi, da duwatsu da daji, su riƙe masa daren da ya wuce, don su ba su tsufa kamar ɗan Adam. Wato halitta ma'ajiya ce. Ita ke ɗorewa, daɗin kuwa ya tafi da mai shi.

Wajen Wordsworth, a Ingila, abin ya sha bamban. Ranar 15 ga Afrilu 1802, shi da ƙanwarsa Dorothy suka tarar da furannin dafodil masu ruwan ɗorawa jere a bakin tabkin Ullswater. Ita ta rubuta abin cikin littafinta na yau da kullum. Shi bai yi waƙar ba sai wajen 1804, aka buga ta a 1807. Wannan jinkiri shi ne kan zancen. Furen ba ya wuce ƴan makonni, amma a baiti na ƙarshe mawaƙin yana kwance cikin ɗaki, furannin suka faɗo masa a rai, zuciyarsa ta yi fari. Ajiyar tana cikin mutum ke nan, kuma ya ce a lokacin kallon bai san abin da ya samu ba.

Sai dai akwai abin da ba mu yafe masa ba: ya ce shi kaɗai yake yawo, alhali Dorothy na gefensa. Kuma layuka biyu na wannan baiti, waɗanda ya fi so, shi da kansa ya faɗi cewa na matarsa Mary ne.