Jinjina ga Masu Renon Haziƙai

A jami'o'in Amurka akwai tsarin ware ɗaliban da Allah ya hore wa kaifin fahimta a ƙananan ajujuwa, inda shaihin malami zai zauna da 'yan kaɗan, a yi ta bahasi da muƙabala, har kowannensu ya fito da kundin bincike nasa na kansa. A ƙasar Gumel da maƙwabtanta kuwa, malamai ne suka ɗora wa kansu wannan nauyi fisabilillahi.

Duk wanda ya leƙa Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko Jami'ar Sule Lamiɗo da aka kafa a Kafin Hausa a 2013, bayan an sallame la'asar kuma ajujuwa sun watse, ba zai rasa ganin malami zaune a inuwar darbejiya da jan biro a hannu ba, yana bin rubutun wani ɗan manomin riɗi daga Gagarawa layi-layi, yana tambayarsa hujjar kowace da'awa, ba ya ƙyale shi sai ya kawo dalili. Alhali kuwa wannan zama ba ya cikin jadawali, babu kuma ladan da ake biya a kansa. Ɗaliban ma, madalla da su, sukan yi karo-karo su buga littafi guda, su yi ta muɗala'a da fitilar waya har dare ya raba.

A ganina wannan ita ce tarbiyyar ilimi ta haƙiƙa. Ya ku masu hali na Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, ku ɗauki nauyin littattafan yaran nan.