Ƙananan Dabbobi a Leshin Ƙulli

Leshin ƙulli, wanda Turawan Ingila ke kira tatin, sana'ar hannu ce da ta bunƙasa a Turai a ƙarni na 19, kuma ana yin sa ne da zaren auduga mai ƙarfin murɗi da wata 'yar ƙoshiya mai kama da ta masaƙa, sai dai tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba. Ƙulli iri ɗaya tak ake maimaitawa a kan zare, a ja shi ya rufe ya zama zobe, ko a bar shi a buɗe ya zama sarƙa, sannan a riƙa barin ƙananan madaukai a tsakanin ƙulle-ƙullen domin ado da kuma haɗa wani zobe da wani. Tun daga littattafan leshin ƙulli da Eléonore Riego de la Branchardière ta fara wallafawa a Landan a 1850, akasarin abin da aka san sana'ar da shi bai wuce bakin riga, wuyan riga da shimfiɗar tebur ba, wato ayyukan da sura guda ke ta zagayowa har a gama.

Yayin da ake ciki yanzu na ƙulla ƙananan dabbobi, irin su kifi, mujiya, bushiya da kunkuru, wasu tsofaffin hannu na kallonsa a matsayin wasan yara, alhali kuwa shi ne ya fi tilasta wa masu sana'ar yin tunani. Dabba ba ta da daidaiton fure, domin kai daban yake da wutsiya, ƙafa kuma dole ta fito daga inda ya dace, don haka mai aikin ke neman hanyar kai zare daga wannan gaɓa zuwa waccan ba tare da ya yanke shi ba. A nan ne tsagaggen zobe, wanda Mary Sue Kuhn ta yayata a littafinta na 1984, ya nuna amfaninsa: ana ƙulla rabinsa da ƙoshiya ɗaya, ɗaya rabin da ta biyu, sai zaren ya ɓulla ta can gefen da ba nan aka faro ba, kuma da jerin irin waɗannan zobban ake samun wuyan raƙumin dawa ko wutsiyar ƙadangare. Malam-buɗe-littafi kuwa, da zobba huɗu kacal ake gama shi daga ragowar zaren da ya saura a ƙoshiya, shi ya sa ya zama abin da ake ɗora ɗan koyo a kai.

Inda yayin ya gaza shi ne wurin waɗanda ke fakewa da duwatsun ado da zare mai launi barkatai, su ɓoye ƙullin da bai yi daidai ba, har ya kasance in aka cire dutsen da ke madadin ido ba a gane ko ɓera ne ko kyanwa. Dabbar da aka ƙulla da farin zare mai lamba 40, aka kuma gane ta daga surarta kawai, ita ce ta cancanci a kira ta aikin gwani.