Mahaukaci Ba Ya Warkewa? Sharhi a Kan Psycho II da 'Yan Kallonsa

A hutun da ya wuce, wata ranar Alhamis bayan sallar lisha, muka taru a zauren gidanmu da ke cikin birni, can wajen Jakara, mu kamar goma sha biyu, muka kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna Psycho II. Da yake ni ne ɗan jami'a a cikinsu, sai aka ɗora mini aikin tafinta, ko da yake na yi ta faɗa musu Hausa nake karantawa. Fim ɗin bai cika awa biyu ba, amma gardamar da ta biyo bayansa sai da ta kai mu tsakar dare. Wannan gardama ita nake so in feɗe a nan tare da fim ɗin.

Kafin in shiga, ya kamata mai karatu ya san asalin labarin. A shekarar 1960 Alfred Hitchcock ya fito da Psycho, wanda ya gina a kan littafin Robert Bloch na 1959. Tauraron shi ne Norman Bates, wani saurayi mai kunya da ke kula da masaukin baƙi a gefen hanya. Ashe ya daɗe da kashe uwarsa, ya ajiye gawarta a gida, yana sa kayanta yana kashe mutane da muryarta a bakinsa. A 1983, shekara 3 bayan mutuwar Hitchcock, sai Richard Franklin ya shirya kashi na biyu, Tom Holland ya rubuta labarin, Anthony Perkins kuma ya sake fitowa a matsayin Norman. An buɗe da kotu ta sallame shi bayan shekara 22 a asibitin masu taɓin hankali, likitoci sun ce ya warke. Lila, 'yar'uwar matar da ya kashe a banɗaki a kashi na farko, ta miƙe a kotun ta ce ba ta yarda ba.

Tun a nan zaurenmu ya rabu. Wani abokinmu mai tuƙa A Daidaita Sahu ya buga cinya ya ce, "Wallahi matar nan ta fi alƙalin hankali. Mahaukaci ai ba ya warkewa, sai dai ya sami sauƙi." Mafi yawa suka bi bayansa. Telan da ke ɗinki a ƙofar gidanmu shi ya tsaya wa Norman, ya ce mutum ya yi shekara 22 a ɗaure, me kuma ake nema a wurinsa? Wani ɗalibin ilimi kuwa ya ce duk sun ɓata, wannan ba hauka ba ne, shafar aljanu ce, domin ga namiji yana magana da muryar matacciya, da ruƙiyya aka yi masa da tuni an huta. Baffana, wanda ya yi kallo a silimar Palas ta nan Jakara tun yana saurayi, bai ce uffan ba sai dariya. Daga baya ya gaya mini haka suke yi a zamaninsu, ana kallo ana yi wa majigi magana, ana gargaɗin jarumi cewa ga mugu nan a bayansa.

To, mu duba abin da fim ɗin kansa ya nuna, domin a nan ne na ga yawancinmu sun kalli abin da suka zo da shi daga gida. Norman ya koma gidansu, ya sami aiki a wani gidan abinci, ya sadu da wata yarinya Mary da ba ta da wurin kwana, ya ba ta masauki. Akwai wata fitowa da a ganina ta fi kowace kyau. Sun zauna za su ci burodi, ana bukatar wuƙa, Norman ya yi ta kame-kame har harshensa ya harɗe, ya ce ba shi da ita, alhali ga ta nan a cikin aljihun tebur. Da aka miƙa masa, ya riƙe ta kamar wanda aka danƙa wa garwashi. Babu jini ko ɗigo a wurin, amma zauren ya yi tsit. Wannan mutum ne mai tsoron kansa fiye da yadda kowa ke tsoronsa, kuma Perkins ya nuna haka da rawar hannu da ƙifta ido kawai.

Sa'an nan sai takardu suka fara zuwa da sa hannun uwarsa, waya tana bugawa, ana hango mace a taga. Ashe Mary 'yar Lila ce, kuma su biyun ne suka ƙulla su sake haukata shi don a mayar da shi inda ya fito. Na roƙi 'yan zauren mu ƙirga gawarwaki. Manajan masaukin, da yaron da ya shiga ɗakin ƙasa, da ita kanta Lila, duk wata tsohuwa ce mai suna Emma Spool ta kashe su. Likitan Norman kuwa Mary ce ta soke shi bisa kuskure, ita kuma 'yan sanda suka harbe ta. Watau har zuwa mintunan ƙarshe hannun Norman bai taɓa ran kowa ba. Duk ɓarnar masu hankali ne suka yi ta. Wannan shi ne jigon fim ɗin, kuma an warware shi sannu a hankali ba tare da wa'azi ba. Har wa yau, likitan ya faɗa tun farko cewa ya so a sami jami'in da zai riƙa leƙa Norman, amma an rage kuɗin gwamnati. Wannan magana ta wuce 'yan zaurenmu, ni ma da na fassara ta ban ba ta nauyinta ba sai da na sake kallo.

Ba a banza aka yi wannan fim a wannan lokaci ba. A 1981 John Hinckley ya harbi Shugaba Reagan, a 1982 kotu ta ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali, Amurka ta ɗauki zafi, har a 1984 aka tsaurara dokar. Saboda haka kukan Lila a kotu kukan jama'ar ƙasar ne a lokacin, kamar yadda ya zama kukan direbanmu.

Amma fa fim ɗin yana da babban aibu, kuma ba zan rufa masa asiri ba. A ƙarshe tsohuwar nan Spool ta zo ta ce wa Norman ita ce uwarsa ta haihuwa, ita ma an taɓa kulle ta saboda hauka, 'yar'uwarta ce ta rene shi. Norman ya ba ta shayi, ya zagaya bayanta, ya rafka mata shebur a ka, ya ɗauki gawar ya hau bene, muryar uwa ta dawo. Direbanmu ya yi tsalle ya ce, "Ba na faɗa muku ba! Ga shi ma ashe gado ya yi." A nan na rasa abin cewa, domin marubucin da kansa ya miƙa masa sanda. Bayan ya ɓata fiye da awa ɗaya da rabi yana nuna mana mutane ne suka tura Norman rami, sai ya juya ya ce abin a jini yake. Wannan tsohuwa kuwa ba a gina ta ba, an nuna ta kaɗan a gidan abinci aka ajiye, sai ga ta ta faɗo daga sama don a ɗinke labari, kuma a bar ƙofa a buɗe saboda kasuwa. Shaida ita ce a Psycho III na 1986, wanda Perkins ya ba da umarni, an janye maganar, an ce ashe ba uwarsa ba ce. Su ma sun ga ƙullin bai ƙullu ba.

Duk da haka ban yarda direban ya ci gardama ba. Cewa mutum ya sake faɗawa bayan an yi ta tunkuɗa shi bai tabbatar da cewa dama bai tashi ba. Ra'ayin ɗalibin ilimin nan ma, ko da yake ban karɓe shi a matsayin fassarar fim ɗin ba, domin babu aljani ko ɗaya a labarin, na lura ya fi na direba tausayi. Wanda aka ce aljanu ne suka shafe shi, in sun fita an yarda ya dawo mutum, har a ba shi aure. Wanda aka ce hauka ne, sunan ya bi shi ke nan. Shari'a ta ɗauke wa mahaukaci alƙalami har ya farfaɗo, watau ta yarda ana farfaɗowa. Dokar ƙasa ma ta motsa, domin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Bakin unguwa ne bai motsa ba.

Abin da ya sa gardamar ta yi zafi, ko da yake ba wanda ya ambata a daren, shi ne akwai wani bawan Allah a layinmu da aka taɓa kaiwa Dawanau muna yara. Ya dawo lafiya lau, yana shan maganinsa, yana sallarsa a sahun gaba. Mu muka riƙa binsa da waƙa da jifa, ni ma ina ciki, manya suna kallo suna murmushi. Wanda yake yi wa aiki a Kurmi bai sake karɓarsa ba, maganar aurensa ta lalace, bai shekara biyu ba aka sake mayar da shi. Da aka tafi da shi, kowa cewa ya yi dama an sani. Yanzu ya sake dawowa, yana sayar da goro da alawa a bakin masallaci.

Washegari da safe ina zaune wurin telan nan, muna sake tauna maganar shebur, yana nan a kan bakansa cewa an zalunci Norman. Sai ga mutumin ya zo da wando a hannu za a yi masa faci. Ya yi sallama, telan ya amsa da fara'a, ya ce, "Bismilla Malam, zauna mana." Yana faɗa yana jan wani ƙyalle ya rufe almakashinsa.