Jinjina ga Masu Ƙanƙantar da Ɗan Wasa

Galibin wasannin bidiyo zuga mai wasa suke yi, su miƙa masa bindiga su ce duniya tana hannunsa. Shi ya sa nake jinjina wa Fumito Ueda da abokan aikinsa na Japan, waɗanda a 2005 suka fitar da Shadow of the Colossus a kan PlayStation 2.

Jarumin wasan saurayi ne mai suna Wander, daga shi sai dokinsa Agro, da takobi da baka. Ƙasar da ya shiga ba gari, ba kasuwa, ba mai amsa sallama. Sai ka yi ta sukuwa a fili fetal kafin ka iske ɗaya daga cikin ƙattai 16 da aka ce ka kashe. Wani da ƙyar kake kai idon sawunsa. Dole ka kama gashin jikinsa ka hau, yana girgiza, kana maƙale kamar kaska, ƙarfin riƙonka yana ta raguwa. In ya faɗi kuma babu kiɗan nasara. Wani sauti mai sanyaya jiki ke tashi, har ka tambayi kanka me ya yi maka.

Wasan Outer Wilds na 2019 ma haka: rana tana fashewa duk bayan minti 22, ba yadda ka iya da ita.

Yin irin waɗannan wasanni sai mai ƙarfin hali, domin mai saye ya fi son kirari. An sake gina wasan Ueda a 2018 don PlayStation 4. Wanda ya samu dama, ya gwada shi.