Sashe, Reshe da Ɓangare

Akwai kalmomi uku da masu fassara kan cakuɗa in ana maganar rabe-raben ƙungiya, watau sashe da reshe da ɓangare, alhali kuwa ko wacce da asalinta. Sashe yanki ne na abu guda, kamar sashen uwargida a cikin gida, don haka ya dace da Sashen Hausa na jami'a. Reshe na itace ne, ko ya yi nisa da gindi, saiwarsu ɗaya, shi ya sa a kan ce reshen banki na Funtuwa. Ɓangare kuwa shi ne abin da ya ɓalle daga jikin tukunya ko ƙwarya.

Gaskiya ne a kan ce ɓangaren mata a wurin taro, ba da nufin rabuwa ba. Amma a sha'anin ƙungiya kalmar tana da nauyi. Da jam'iyyar PRP ta dare biyu a 1980, ɓangaren Santsi da ɓangaren Taɓo aka samu, kowa ya kama gabansa. Saboda haka wanda ya kira reshen ƙungiyar malamai ɓangare ya ɗora musu tawayen da ba su yi ba. Wajibi ne malamai su nuna wa ɗalibansu wannan bambanci.