Furtwängler ya rasu tun 1954, kamfanonin faifai sun hana shi hutawa

Wilhelm Furtwängler ya rasu a watan Nuwamban 1954, amma har yau da wuya shekara ta zagayo ba a sake fito da faifansa a cikin sabon kwali ba. Mutumin da ya karɓi jagorancin makaɗan Berlin Philharmonic a 1922 ya ajiye sandarsa fiye da shekara saba'in ke nan, akwatunan faifansa kuwa sai ƙara ƙiba suke yi. Kamfanin Membran ya cusa CD 107 a akwati guda. Warner ya fito da nasa mai CD 55 a 2021. Masu tara faifai kuma, da zarar sun ji labari, hannu ya kai aljihu.

Abin haushin shi ne kiɗan bai ƙaru ba. A ɗauki Simfoni ta Tara ta Beethoven da gidan rediyon gwamnatin Jamus ya naɗa a Berlin cikin Maris 1942, a kan na'urar tef ta Magnetophon. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Soviet suka kwashe tef ɗin zuwa Masko, kamfanin Melodiya ya buga shi a faifan garmaho, daga nan fa kowa ya ɗebi rabonsa. Music & Arts ya fitar, Tahra ya fitar, Opus Kura na Japan ya fitar, Pristine ma bai zauna ba. Wasa ɗaya ne, makaɗa ɗaya, tarin mutanen zaure ma shi ne dai a wuraren da aka saba jin sa. Ga shi akwai masu kwafi biyar ko shida a kan kanta, kuma kowanne da kuɗinsu suka saya.

Dalilin wannan ambaliya ba ɓoyayye ba ne. A dokar Turai, naɗe-naɗen da aka fitar kafin 1963 sun fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 50, kuma ƙarin wa'adin da ya fara aiki a 2013 bai dawo da su ba. Ba makaɗin da za a biya, ba zauren da za a yi haya. Kwamfuta da sabon hoto a bango sun isa jari.

To, da kwafi kawai ake yi, da sauƙi. Ɓarnar tana wajen abin da suke kira tsaftace sauti. Injiniya zai bi tef ya kankare shuuwar nan da tsofaffin naɗi ke yi, sai ya haɗa da kaifin goge ya tafi da shi, tambura su koma kamar ana bugun su a ɗakin maƙwabta. Wani kuma ya ƙara amsa-kuwwa ta ƙarya don kunne ya ɗauka sitiriyo ne, dabarar da Electrola ta fara tun shekarun 1960 da sunan Breitklang. Wannan ne ya fi ciwo. Tsohon zauren Philharmonie na Berlin, inda aka yi wasan 1942, bama-bamai sun rusa shi a Janairun 1944. Amon ginin nan bai rage a ko'ina ba sai a irin waɗannan tef. Wanda ya ɗora masa amon kwamfuta ya binne abin da ba za a sake samu ba. A ƙarshen simfonin, inda Furtwängler ke korar makaɗa da gudu kamar za su kife, tef yana ƙugi don sautin ya fi ƙarfin na'urar. Ƙugin nan shaida ne na abin da ya faru a zauren, bai kamata a wanke shi ba.

Su ma masu sayen ba su fita ba. Sai mutum ya zauna da faifai biyu yana maimaita rabin minti ɗaya, ya cire wannan ya sa wancan, yana kasa kunne ya ji wanne ya fi ƙarancin shuuwa, kiɗan kansa yana wucewa ta gefen kunnensa. Ana iya kwana ana gardamar wane bugu ne ya fi fito da tambura, ba wanda zai ambaci Szymon Goldberg, Bayahuden da ke kan kujerar goge ta farko, wanda dole ta sa ya bar ƙungiyar Berlin Philharmonic a 1934. Ba a cika tuna cewa wata guda bayan naɗin Maris an sake kaɗa simfonin a jajibirin ranar haihuwar Hitler ba, ministan farfagandarsa Goebbels na zaune, har ya miƙa wa Furtwängler hannu a gaban kyamara. Kalmar "lokacin yaƙi" ta zama abin talla a bayan kwali.

Gaskiya dai, nacin nan ya taɓa yin rana. Akwatin da Berlin Philharmonic ta fitar da kanta a 2019, mai faifai 22 na naɗe-naɗen rediyo daga 1939 zuwa 1945, ya dogara ne galibi da tef na asali da Masko ta mayar a 1991, kuma kunne na jin bambancin. Haka batun Simfoni ta Tara da ya jagoranta a bikin kiɗa na Bayreuth. Shekaru da dama mutane na riƙe da faifan EMI a matsayin wasan ranar 29 ga Yulin 1951, ranar da aka sake buɗe bikin bayan yaƙi. A 2007 tef na rediyon Bavaria ya bayyana, aka ji ya sha bamban. Daga baya BIS ya fitar da abin da rediyon Suwidin ya naɗa kai tsaye a daren, ya zo daidai da na Bavaria, aka gane cewa na EMI haɗe-haɗe ne da guntayen gwajin da aka yi kafin wasan.

Amma irin wannan sau nawa yake faruwa? Sauran duk tsohon tuwo ne ake ɗumamawa. Yawancin akwatunan masu araha ba sa ma rubuta inda suka samo sautin, ko daga tef ne, ko daga faifan garmaho, ko daga CD na wani kamfanin da ya riga ya kankare shi. Layi ɗaya a bayan kwali ya isa ya faɗi wannan, sun ƙi rubutawa, masu saye kuma ba su tambaya.