Shamakin Tekuna Biyu: Nazari a Kan Tafsirin Kimiyya

A wata majalisa bayan la'asar aka miƙo mini waya, aka ce in ga ikon Allah. Bidiyo ne da aka ɗauka daga jirgin ruwa: gefe guda ruwa shuɗi mai duhu, ɗaya gefen fari-fari kamar an dama kunu, tsakaninsu layi kamar an ja da zare. Mutane suna ta kabbara, ni ma na yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rubutun da ke ƙasan hoton, wai waɗannan su ne tekuna biyu da Alƙur'ani ya ce ba sa gaurayuwa har abada. Irin wannan hoton da ya fi yawo an ɗauke shi ne a tekun Alaska, inda narkakkiyar ƙanƙara ke kwararo garin dutse cikin teku. Launin na laka ne, kuma sannu a hankali ruwan yana gaurayuwa.

Maganar tekuna biyu da abin da ya bambanta su ta zo a aya ta 53 ta Suratul Furƙan, da ta 61 ta Suratun Namli, da ta 12 ta Suratu Faɗir, da ta 19 da 20 na Suratur Rahman. Furƙan da Faɗir sun fayyace cewa ɗaya ruwan daɗi ne mai sauƙin haɗiya, ɗaya kuma na gishiri mai ɗaci. Furƙan da Rahman sun kira abin da ke tsakaninsu barzahu, wato shamaki.

Magabata sun tsaya a kan wannan shamaki, kuma ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Ibnu Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya tafi a kan cewa tekun daɗi shi ne koguna da idanun ruwa da rijiyoyi, shamakin kuwa busasshiyar ƙasa ce. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, bai zaɓi wannan ra'ayi ba. Hujjarsa ta harshe ce: kalmar maraja da aka yi amfani da ita tana nufin cakuɗawa a wurin Larabawa, don haka ruwan biyu suna haɗuwa, ikon Allah ne ke hana ɗaya ɓata ɗaya. Jalalaini da ake karanta mana a masallatai kowane azumi shi ma ya jingina shamakin ga ikon Allah. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san haka tafsiri yake: a kawo maganganu, a auna, a rinjayar da ɗaya, a rufe da cewa Allah ne Mafi sani.

Salon ɗaura aya a kan binciken kimiyya ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 20. Ɗanɗawi Jauhari na Masar ya cika tafsirinsa Aljawahir da bayanan taurari da tsirrai da dabbobi. A 1976 likitan Faransa Maurice Bucaille ya fitar da littafinsa a kan Baibul da Alƙur'ani da kimiyya, ya bazu cikin harsuna da dama. A 1984 aka kafa hukuma ta musamman kan mu'ujizar kimiyya ƙarƙashin Rabiɗatul Alamil Islami, da Abdulmajid Zindani cikin jagororinta. Dole a ba wa wannan yunƙuri haƙƙinsa. Ya zo a lokacin da ɗan makarantar boko ke jin kamar sai ya ajiye addininsa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje kafin ya shiga, ya kwantar wa da yawa hankali, ya sa wasu son ilimin halitta.

To, me masana teku suka ce? A kowane kilo na ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, wannan ya sa ya fi ruwan daɗi nauyi da kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ana iya ganin aikin wannan ɗan bambanci a tsakar gida. A narka gishiri sosai a rabin kofin gilashi, a diga zoɓo don launi, sannan a zuba ruwan randa a hankali ta bayan cokali. Jan zai kwanta a ƙasa, farin ya hau sama, tsakaninsu wani siririn yanki mai ruwan hoda. A juya da cokali, shi ke nan sun zama ɗaya. Haka bakin kogi yake. A Misisifi ta Amurka ruwan teku kan kutsa ta ƙarƙashin kogin, na daɗi yana gudu a samansa. Kogin Amazon yana zuba wa Atilantika kimanin kubik mita 200,000 a kowace daƙiƙa, ruwansa ya shimfiɗu a saman teku ɗaruruwan kilomita. Inda iska da igiya suka yi aikin cokali kuwa, sai a sami ruwan zartsi, kamar na gulbin Legas.

Ashe shamakin tsari ne mai aiki dare da rana: bambancin nauyi, da gangarar ƙasa, da rana mai ɗauke tururi ta bar gishiri a teku, ta mayar mana da shi ruwan sama. Gauraya tana faruwa a bakin iyaka, amma dubban shekaru koguna ba su zama gishiri ba, teku bai salance ba. A ganina wannan ya fi layin bidiyo ban mamaki, ya kuma fi kusa da fahimtar Ɗabari.

Raunin salon mu'ujizar kimiyya yana fitowa a wuri uku. Na farko, rashin tantance misali. Bambancin launi ba ya nuna gishiri. Wanda ya ga mahaɗar Neja da Binuwai a Lakwaja, ko ta Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Khartum, ya ga launi biyu, alhali duka ruwan daɗi ne. Mashigin Jibiralta da ake yawan kawowa kuwa, ruwan Atilantika da na Bahar Rum duka na gishiri ne. Na biyu, da'awar cewa babu wanda ya san haka kafin zamaninmu. Aristotil ya rubuta cewa ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi tun ƙarnuka kafin Annabi Isa, masu nutson lu'ulu'u a Bahrain kuma a da sukan cika salka daga idanun ruwan daɗi da ke ƙarƙashin teku. Na uku, ya fi duka muni: ƙirƙirar labari. Har yau ana cewa masanin teku Jacques Cousteau ya musulunta saboda ayar tekuna biyu, alhali gidauniyarsa ta ƙaryata tun 1991, kuma da ya mutu a 1997 a majami'ar Notre-Dame aka yi masa addu'ar bankwana. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ranar da ɗalibi ya gano, ba mai labarin kaɗai zai yi wa kokwanto ba.

Tun ƙarni na 14 Shaɗibi ya yi gargaɗi a littafinsa Almuwafaƙat kan jingina wa Alƙur'ani kowane fanni na ilimi. Gargaɗin bai hana kallon halitta ba, domin ayoyin da kansu kira suke a duba, a yi tunani, a gode. A 2018 mutanen Basra sun ga abin da ke faruwa idan ma'aunin da ke tsakanin ruwan daɗi da na gishiri ya karkace. Madatsu da fari sun rage ruwan kogunan Dijla da Furatu, gishiri ya hauro ta kogin Shaɗɗul Arab, ƙazanta ta ƙaru, dubun-dubatar mutane suka kwana asibiti. Malamin da ya kai ayar tekuna biyu a tafsirin azumi, ina fata ya fara da maganar magabata, ya tambayi masu ilimin ruwa, sannan ya tuna wa masu sauraro cewa ruwan daɗin da suka yi buɗa-baki da shi amana ce a hannunsu.